Dillali ya ce 2018 ce: abin da za ka duba kafin ka biya kuɗin Lexus LX 570

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a nan Sakkwato. Wani dillali ya kawo mini Lexus LX 570 baƙa, ya ce ƙirar 2018 ce, daga Amurka ta fito, ba a taɓa hawanta a Najeriya ba, kuma mil dubu 61 kawai ta ci. Kuɗin da ya faɗa ya yi ƙasa sosai da abin da na ji ana sayar da irinta a Abuja. Yana matsa mini in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a, wai akwai mai so. Camry nake hawa, ban taɓa riƙe babbar mota irin wannan ba. Me ya kamata in duba?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, ka fara barin kuɗinka a aljihu. Zancen "akwai mai so" tun ina yaron gareji nake jin sa, kuma har yau ban ga dillalin da ya ce babu mai son motarsa ba. Idan da gaske akwai, Allah ya sanya masa albarka, ya ɗauka. Jif ba ta ƙare a duniya ba.

Na haura shekara ashirin ina kwanciya ƙarƙashin motoci a garin nan. Abin da na gani shi ne, duk abin da ke burge mai saye a jikin babbar mota shi ne ya fi sauƙin canzawa. Fenti, fitilu, bamba, fatar kujeru, lambar da ke kan mita, har fitilun gargaɗin da ke kan dashbod, duk ana shirya su cikin mako guda a Legas ko Kwatano. Abin da ke da wuyar ɓoyewa yana inda ido ba ya kaiwa sai an sunkuya. Shi ya sa dubawata baibai take da ta mai saye. Shi daga fuska yake farawa. Ni daga lambar shasi nake farawa, in shiga ƙasa, in tada inji da sanyi, sai can ƙarshe in kalli fenti.

Mu fara da shekarar, domin a kan wannan motar musamman nan ne aka fi yanka mutane. An yi ta ƙera LX 570 daga ƙirar 2008 har zuwa ta 2021, kuma a ƙarƙashi gida ɗaya ne da Land Cruiser, inji ɗaya mai silinda takwas da lita 5.7. An taɓa mata fuska a 2013, sannan a 2016 aka yi mata babban sauyi ciki da waje. To tunda ƙashin bayan bai canza ba, sai masu gyaran bodi suka samu sana'a: a ɗauko ta 2009 ko 2010, a cire bonet da fenda da fitilu da bamba da ƙofar baya, a ɗora na sabon yayi, ta fito kamar jiya aka sauke ta daga jirgi. Wannan ba laifi ba ne idan an faɗa maka. Laifin shi ne a sayar maka da ita a kuɗin 2018.

Ka tsaya a gaban motar ta gefen direba, ka leƙa ƙasan gilashin gaba. Za ka ga lambar shasi, haruffa da lambobi 17. Ta LX 570 da JTJ take farawa, domin a Japan ake ƙera ta. Ka ƙirga daga hagu zuwa na goma. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, na goman nan shi ne shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018. Babu I a ciki, an tsallake shi don kada ya rikice da 1. Tunda ya ce daga Amurka ta fito kuma 2018 ce, J za ka gani. Ka buɗe ƙofar direba kuma, akwai takarda manne a jikin ginshiƙi mai ɗauke da wannan lambar da watan da aka ƙera motar. Su yi daidai da juna, su yi daidai da wadda aka buga a jikin ƙarfen shasi a ƙasa, su yi daidai da wadda kwamfuta za ta karanto daga ƙwaƙwalwar motar. Idan takardar ƙofar ta ɓace, ko ka ga alamar an ɓamɓare an sake mannawa, to magana ta fara tsami.

Bara wani bawan Allah ya shigo mini da fara tas, ya riga ya biya, canjin mai kawai ya kawo ta. Yana ta zagaya ta yana shafawa. Na leƙa gilashi na ƙirga, na sake ƙirgawa, sai na ga A. Na ce masa, "Alhaji, shekara nawa aka ce maka?" Ya ce, "Wagga 2017 ta, duba hitilunta." Ban yi musu da shi ba. Na ce ya shigo ya zauna kusa da ni, muka hau titi, na tura giya gefen S na fara ƙara ta ɗaya bayan ɗaya, lambar tana fitowa a kan mita. Da ta kai 6 sai ta tsaya. Na ce masa daga 2016 zuwa sama giya takwas motar nan take da shi, kafin nan shida. Fuska ana sayo ta a kwali, amma ba wanda zai canza giyabos don ya yaudare ka, asara zai yi. Ya yi shiru har muka dawo gareji. Abin da kawai ya ce shi ne in zuba mata mai mai kyau. Wannan gwajin na giya ko minti biyu ba ya ci, kuma kai da kanka za ka iya yin sa. Ka ƙara da kallon allon da ke tsakiya: na 2016 zuwa sama faffaɗa ne, yana zaune a saman dashbod, ana sarrafa shi da wani ɗan maɓalli mai kama da linzamin kwamfuta kusa da giya. Na tsohuwar a nutse yake cikin dashbod, da yatsa ake taɓa shi. Wasu har wannan suna canzawa yanzu, shi ya sa na fi yarda da giya.

Idan shekara ta tabbata, ka ɗauki lambar nan ka rubuta ta a Google yadda take. Yawancin manyan motocin da ke zuwa mana da arha daga wuraren gwanjo na Amurka suke fitowa, irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka ga gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu. Sau da yawa hotunan ranar gwanjon suna nan a intanet, har da hoton mita. Za ka ga motarka da gaba a murƙushe, ko da laka har kan kujera, da ainihin mil ɗin da ta ci a ranar. Ka kuma biya a ciro maka rahoton tarihin motar daga Carfax ko AutoCheck, kai da kanka ko yaronka, ba wanda dillali zai turo maka ta WhatsApp ba, domin takarda ma ana yi mata fenti.

A nan zan faɗi ra'ayina, ba kowane bakanike zai yarda da ni ba. Ni ba na gudun motar da ta yi haɗari don kawai ta yi haɗari. Wadda aka buga daga baya, ko ƙofa ta lotse, aka gyara da kyau, shasi bai motsa ba, mota ce, in dai an rage maka kuɗin. Wadda nake gudu ko kyauta ce ita ce wadda ruwa ya ci. Duk lokacin da aka yi babbar ambaliya a Amurka, kamar ta guguwar Harvey a Texas a 2017 ko ta Ian a Florida a 2022, motocin da suka nutse sai sun watsu a duniya, kuma rabonmu ba ya wuce mu. Motar ruwa tana tashi lafiya, tana tafiya lafiya, fentinta ma na asali ne. Ciwon yana cikin wayoyi. Tsatsa tana cin bakin soket a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi mota ta mutu a tsakiyar hanyar Tambuwal ba dalili. Mai wayarin zai zama ɗan gidanka.

Rana ta garin nan tana taimako wajen gano ta. A rufe gilasai duka, a bar ta a fili daga hantsi zuwa azahar, sannan ka buɗe ƙofa ka sa hanci kafin kowa ya kunna esi. Warin ruma ba ya ɓuya a wannan zafin. Idan kuma turare ya yi yawa har yana hawa kai, ka tambayi kanka me ake rufewa. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, wanda ba a cika jawowa ba. Ruwa yana barin zane a jiki kamar yadda yake bari a bangon gida bayan damina. Ka haska tocila ƙarƙashin kujeru ka dubi ƙarfen da suke zamewa a kai da kawunan kusoshi. Ƙarfen cikin ɗaki ba shi da dalilin yin tsatsa. Ka ɗaga kafet ta gefen ƙofa ka tura yatsa, busasshiyar laka mai laushi kamar hoda tana maƙalewa a lungunan da mai wanki ba ya kaiwa.

Maganar mil dubu 61, wato kusan kilomita dubu 98, kada ka ɗora komai a kanta. Juya mita aikin rabin awa ne. Ka dubi robar birki inda ƙafa ke taka, da fatar sitiyari, da gefen kujerar direba inda ake murzawa wajen shiga, da rubutun maɓallan da aka fi dannawa. Su ba su san ƙarya ba. Kuma in gaya maka gaskiya, injin nan idan ya samu mai a kan lokaci, mil dubu 150 ba tsufa ba ne a wurinsa. Na fi son mai yawan tafiya da tarihi a bayyane a kan mai ƙaramar lamba da ba a san inda ta fito ba. Haka zancen "ba a taɓa hawanta a Najeriya ba". Ka buɗe akwatin matatar iska, ka leƙa bayan fitilun baya da cikin maƙogwaron esi. Jar ƙurarmu daban take da ƙurar ko'ina, kuma injin wanki ba ya fitar da ita duka. Ka duba ƙarƙashin sitiyari ko akwai wayoyin da aka yanke aka naɗe da baƙin salatif, alamar an taɓa sa mata na'urar bin sawu.

Yanzu sai a hau rami. Kada ka yarda a duba maka motar nan a tsaye a ƙofar shago. Jikinta a kan shasi yake zaune, dogayen ƙarafa biyu daga gaba har baya, kuma su ne motar. A bi su da tocila daga farko har ƙarshe. Waldar kamfani a jere take, sumul, iri ɗaya hagu da dama. Idan ka ga walda mai ƙuraje, ko wurin da ƙarfe ya yi tamoji kamar an miƙar da shi da wuta, ko an shafe wani yanki da sabon baƙin fenti alhali sauran ya dushe, a tsaya nan a yi tambaya. Motar da ta zauna a jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, irin su New York da Ohio da Michigan, ko Kanada, tana zuwa da tsatsa a ƙasa. Ja-ja na sama ba komai ba ne. Wadda ke ɓarewa kamar ɓawon itace idan an ƙwanƙwasa da sufana ita ce matsala, musamman a bututun birki da na esin baya. Kana ƙasan kuma ka dubi salansa. Akwai tukwane a jikinsa masu tace hayaƙi, waɗanda 'yan gareji ke kira indomi saboda kamannin abin da ke ciki. Yana da tsada, don haka ana farke tukunyar a kwashe a sake liƙewa. Ni kaina an taɓa yi mini wannan a motar da na sayo wa wani aminina, ban lura da ɗinkin waldar ba sai da fitilar inji ta kama muna hanyar dawowa. Daga aljihuna na cike, kuma tun ranar ba na tsallake salansa.

Sai abin da ya raba LX 570 da Land Cruiser, wanda kuma ya fi cin kuɗin masu ita: ƙafafunta. Ba shoka irin ta Camry ɗinka ba ce. Mai ne ke ɗaga ta yana sauke ta, da famfo, da wasu ƙwallaye masu iskar gas a ciki waɗanda ke shanye girgiza. Akwai maɓalli kusa da giya mai matsayi uku, ƙasa, tsakiya, sama. Inji yana aiki, ƙofofi a rufe, a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ka sauke ta ƙasa ka ɗaga ta har sama, sau biyu ko uku. Ta tashi a natse, ba da jan jiki ba, ba gefe ɗaya kafin ɗaya ba, kuma kada famfon ya yi ta kuka kamar injin markaɗe. Idan maɓallin bai yi komai ba, wataƙila an cire tsarin gaba ɗaya an sa shoka da sifirin na gama-gari. Wasu suna yin haka da gangan don su huta, kuma motar tana tafiya, amma ba ita ce aka faɗa maka kuɗinta ba. A kan hanya kuma, idan ƙwallayen nan sun mutu za ka ji tana tsalle ƙanana-ƙanana kamar kana kan jaki, ko a kan kwalta mai kyau. Man da ake zubawa a ciki nasa ne na musamman. Na sha ganin inda aka ɗura man birki ko man giya, robobin ciki suka kumbura, aka tashi da canza kusan komai. Ka dubi jikin kowace shoka ko tana jiƙe.

Inji da sanyi ake tada shi. Ka ce a kawo motar ta kwana, mukulli a hannunka, ka zo bayan asuba ka ɗora hannu a kan inji ka ji shi da sanyi kafin a murza. Dillalin da ya riga ka zuwa ya ɗumama ta yana da abin da ba ya so ka ji. Da tashin farko ka saurara: ƙarar sarƙa da ta wuce daƙiƙa biyu ko uku, ko ƙwanƙwasa daga ƙasa, ko shuɗin hayaƙi a baya. Akwai wani famfon iska da ke kunna kansa na ɗan lokaci idan inji ya yi sanyi. Idan ya yi ihu kamar jirgi zai tashi, ya kusa mutuwa, kuma idan ya mutu yakan sa mota ta ƙi jan gudu. Ka buɗe murfin baƙin mai ka haska ciki. Ƙarfe mai launin zuma kake so ka gani. Baƙin dasƙare kamar kwalta yana nufin an yi ta wuce lokacin juye. Injin nan yana da wuraren yoyo da muka sani: mai yana tsatsafowa ta saman kawunan silinda, ruwa kuma yana zuba a kwarin da ke tsakanin layukan silinda biyu, ya gangaro ta bayan inji ya bushe ya bar ɓawo mai ruwan hoda a jikin giyabos. Ba mutuwa ba ce, amma aiki ne mai buɗe saman inji, a cire kuɗinsa daga farashi.

Ruwan lagireto zan ɗan daɗe a kansa, domin a Sakkwato muke. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ga esi a kunne gaba da baya, ga mota mai nauyin kusan tan biyu da kilo ɗari bakwai. Duk wani rauni a hanyar sanyaya inji, wanda a Jos ba za a taɓa jin sa ba, a nan sai ya fito. Ruwan da ya kamata ka gani mai launin hoda ne, garau. Idan ka ga ruwan famfo mai tsatsa, an riga an fara cin injin daga ciki. Saman lagireton roba ne, kuma a wannan motar yana da wurin da yake tsagewa, siririn layi a sama kusa da inda aka buga lamba. Ka share ƙura ka duba. Ka tambaya ko tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, yana nan. 'Yan'uwana bakanikai da yawa suna cire shi su jefar wai ƙasarmu da zafi, alhali cire shi yana sa inji ya ƙi kaiwa zafin da aka tsara masa, ya yi ta shan mai. Sau da yawa ma an cire shi ne don a rufe wani ciwon. Bayan an dawo daga gwaji, a bar ta a tsaye da esi a kunne minti ashirin a cikin rana, idonka a kan allurar zafi. Kada ta gusa daga inda ta saba. Esin kuma da ƙarfe biyu na rana ake gwada shi, ba da safe ba, kuma ka koma kujerar can baya ka ji, domin na baya tukunyarsa daban. Wanda aka ɗura wa gas jiya zai yi sanyi yau. Shi ya sa kwana biyu a hannunka ya fi awa biyu.

A sa mata kwamfuta, amma wurin wanda ya iya karantawa. Ba "babu matsala" kawai za a nuna maka ba. Idan an goge laifuffuka da safen nan, ƙwaƙwalwar motar tana nuna cewa gwaje-gwajen da take yi wa kanta ba su kammala ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya gaya maka an share wani abu. Shi ya sa nake sa kwamfuta sau biyu, kafin tafiya da bayan tafiya. Kafin a tada inji kuma, ka danna maɓalli ba tare da taka birki ba har fitilun dashbod su kama duka. Ka nemi ta inji, ta birki, da ta eyabag, wato jakar iskar da ke fitowa ta kare mutum idan an yi karo. Dole kowace ta kama sannan ta mutu a lokacinta. Wadda ba ta kama ba sam, an kashe ta ne ko an liƙe ta. Motar da ta yi karo ta gaba, sau da yawa ba a mayar da eyabag, sai a cusa tsumma a rufe, a sa 'yar waya ta ruɗi kwamfuta. Iyalinka za ka ɗauka a ciki.

Gwajin hanya ba zagaye unguwa ba ne. Ka kama hanyar Bodinga ko ta Shuni, rediyo a kashe, dillali ya yi shiru. Ka kai ta 100 zuwa 120 inda hanya ta ba da dama, ka ji ko sitiyari yana rawa, ka sassauta hannu ka ga ko tana ja gefe, ka taka birki da ɗan ƙarfi. Giya ta riƙa shiga ba tare da duka ko jinkiri ba, musamman idan ta yi zafi. Sannan ka sauka kan yashi, abin da ba mu rasa ba, ka tsaya, ka sa giya a N, ka juya ta zuwa ƙaramin giyan ƙarfi, ka danna makullin tsakiya, wanda ke ɗaure tayun gaba da na baya su juya tare. Motar da ta yi rayuwarta a birni ba a taɓa taɓa waɗannan ba, sai ƙaramin injin da ke shigar da su ya ƙage, fitila ta yi ta ƙyaftawa. Tayu huɗun su zama girma ɗaya, domin duk huɗun ke ja kullum. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya mai kyan zane ita ce ke fashewa a kwaltar Afrilu, kuma saitin taya mai inci 20 ko 21 ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Fenti, tunda na yi alkawarin zuwa gare shi: ka dubi tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bonet ko ta yi daidai hagu da dama, da kawunan kusoshin fenda ko sufana ta taɓa su. Shi ke nan. Fankan fankan ba shi ne kilishi ba.

Takardu kuwa suna iya raba ka da motar da ba ta da ciwon komai. A watan Janairu na 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, mu kuma ga Illela a bayan gida, kowa ya san yadda wasu motocin ke shigowa. Ka karɓi takardun kwastan ka kai ofishinsu na nan Sakkwato da ƙafarka, a duba a kwamfutarsu cewa an biya duti, kuma a kan wannan lambar shasin aka biya, da wannan shekarar. Akwai takardar gaske da aka biya wa wata mota daban, akwai kuma wadda aka rubuta ƙaramar shekara don a rage kuɗi. Ranar da aka tare ka a hanyar Gusau ko Funtuwa ba dillali za a tambaya ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ka sa 'yan sanda su duba lambar ko ta sata ce. Manyan jif da ake sacewa a Kanada suna biyowa ta Afirka ta Yamma, har a 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada wasu da aka gano a nan. Mukulli biyu za a ba ka. Kuɗi ta banki, zuwa sunan mai motar na ainihi, da yarjejeniya a rubuce da shaidu, la'adar dillali kuma daban, a faɗe ta tun farko.

Abu na ƙarshe, tunda daga Camry za ka tashi. Tankin ta Amurka lita 93 yake ci. A cikin gari da esi, kilomita biyar a lita ɗaya ka gode wa Allah. A doguwar hanya wajen bakwai. Zuwa Gusau da dawowa ka lissafa lita sittin. Juyen baƙin mai lita bakwai da rabi ne, kuma ba na durom ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 na ga irin motocin nan da yawa an lulluɓe su da tamfol a gida, sai ranar Juma'a ko ɗaurin aure. Duk da haka, idan babbar mota za ka hau a garin nan, dangin Toyota sun fi sauƙin riƙo. Range Rover da Mercedes GL sun fi ta daɗin zama, ban musa ba, amma a kan balan-balan na iska suke tsaye, zafi da ƙura suna cin robar, kuma kayansu sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, mota tana durƙushe tana jira. Ko wadda ta ci duk gwajin nan, ka ware kuɗi a gefe na canza mai duka, na inji da giya da ƙafafu, da matatai, da ruwan lagireto, wataƙila da batir da tayu, kafin ka yi doguwar tafiya da ita.

Ka ce wa dillalin ya turo maka hoton lambar shasi yau, na gilashi da na ƙofa. Idan na goma J ne, a kawo ta daren Laraba ta kwana a gareji, mu tada ta da asubar Alhamis. Idan ya fara cewa mai motar ba ya son a kai ta wurin bakanike, ka ce masa ya gaida mai son nan nasa.